Sauron da Suka Ƙi Inji

A gidanmu ni ce Uwar Sauro. Yayana ne ya laƙaba min, kuma ban taɓa roƙonsa ya daina ba.

Kiwon sauro nake a ɗakin bincike. Daga wani kududdufi na ɗebo tsutsotsinsu, suka girma a kejin raga, na gano akwai wata ƙwayar halitta a cikinsu da ke hana ƙwayar zazzaɓi girma. Abin da ya rage a sani shi ne ko uwa tana gadar wa 'ya'yanta ita. In tana gadarwa, mun samu makami. In ba haka ba, wahalar banza na sha.

To macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, nawa kuwa suka ƙi inji. Muna da na'ura mai ɗumama jini a bayan wata fatar roba, sauron da suka saba rububinta suke yi. Nawa jinin daji gare su. Su sauka, su sansana, su tashi. Kullum da safe sai na share gawarwaki a ƙasan keji.

Farfesa, shugaban sashenmu, ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, masu binciken ƙuda suna son ɗakin nan. In wata ya ƙare babu ƙwai, ki wanke kejinki."

"Ranka ya daɗe, za su yi ƙwai."

"Da me? Da lallashi?"

Na yanke shawarar ba su jinina. A keji suka tashi, ba su taɓa cizon kowa ba, don haka babu cutar da za su sa min. Na nemi izinin kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike, aka ba ni. Na naɗe hannun riga, na ɗora damtsena a kan raga.

Suka zo kamar an buga musu ƙararrawa.

Wanda bai gwada ba ba zai gane ba. Ba a motsi, ba a susa. Kana kallon cikinsu yana ja, kana cije leɓe. Na bar turare, na bar man shafawa, na koma sabulu marar ƙamshi, don ƙamshi korarsu yake. Hannu ɗaya ya kumbura, na ba su ɗayan.

Umma ta kama hannuna a kicin, ta juya shi. "Wannan shi ne digirin? Mutane na sayen maganin sauro, ke kina shayar da su!"

Yaya ya leƙo yana dariya. "Umma, ki yi murna mana, kin kusa samun jikoki. Yaushe ne suna, Uwar Sauro?"

"Za a gayyace ka, Yaya. Kai ne abincin taron."

Umma ta yi tsaki, amma ita ce ta riƙa jiƙa tsumma da ruwan sanyi tana ɗaure min.

Ƙwan farko baƙaƙe ne, ƙanana kamar garin gawayi a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Ban yi guɗa ba. Na jira suka ƙyanƙyashe, na shayar da 'ya'yan, na jira jikoki. Jikokin ne na feɗe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwayar tana nan. Na ɗauko wani, tana nan. Na yi ta feɗewa har wuyana ya ƙage, sannan na je na ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa.

Ya daɗe sunkuye a kan madubin. Da ya ɗago, ba fuskata ya kalla ba, hannuwana ya kalla, duk tabo har gwiwar hannu.

"Masu ƙuda su nemi wani ɗakin," ya ce. "Yau sun ci abinci?"

"Tukuna, ranka ya daɗe."

Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya fara naɗe hannun riga.

Na sansana iska. "Akwai turare a jikinka. Ga sabulu can. In ka dawo kuma, ba a motsi, ba a susa."