Inda Aka Binne Ferdinand Lendore

Magina sun zo haƙa harsashin dutsen kabari ne kawai, sai shebur ya burma cikin akwatin gawa. Katakon ya daɗe da ruɓewa. Babu ƙashi a ciki, ko haƙori ɗaya. Duwatsu ne sumul, irin waɗanda ake jerawa a gindin jirgin ruwa don ya yi nauyi.

Merle Lendore na tsaye a bakin ramin. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana aikin jinya a Ingila kafin ta dawo gida tsibirin Carriacou. Ta ga gawa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Kabarin kakanta ne, Ferdinand, wanda aka ce teku ta cinye shi, sannan ta maido da gawarsa a kumbure, har aka rufe akwatin ba a bar yara sun gani ba.

Ɗaya daga yaran nan ita ce Tanti Ottiline, yayar mahaifin Merle, wadda yanzu ta doshi casa'in, zuciyarta kuma tana ba ta wahala. Burinta ɗaya ya rage: ta ɗora wa ubanta dutse, a yi biki, a buga ganga, shi ya huta ita ma ta huta. An sa rana. Dangin da ke ƙasashen waje, na Brooklyn da Huddersfield, sun yanki tikiti.

Da aka gaya mata, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba zan yi wa duwatsu biki ba. Merle, ke ce mai karatu. Nemo mini ubana."

Cosmos, ɗan Tanti, wanda ke kiran Merle Baturiya saboda zamanta a Ingila, ya ja ta bayan ɗakin girki.

"Baturiya, ki bi a hankali. Na taɓa jin tsofaffi na cewa ba nutsewa ya yi ba. Kama shi aka yi da giyar sumoga a ruwan Trinidad, ya mutu a kurkuku."

"Shi ne ka yi shiru har ka yi furfura?"

"Wa ya tambaye ni? Mu mai da ƙasa mu ɗora dutsen kawai. Tsohuwa za ta manta."

"Uwarka? Wadda har yau take tuna maka akuyar da ka ɓatar kana ɗan firamare?"

Merle ta tafi Port of Spain, babban birnin Trinidad. A gidan adana tsofaffin takardu aka kawo mata kundin kurkuku, wanda gara ta ci gefensa. Ta yi kwanaki tana bin sunaye da yatsa, idonta na ruwa saboda ƙura. Sai ga shi: Ferdinand Lendore, masassaƙin jirgi, ɗaurin wata tara. An rubuta tsawonsa da launin idonsa. A gurbin alamomin jiki an ce yana da tabo mai haske a gadon baya da wani a damtse. A gurbin ƙarshe ba a ce ya mutu ba, ba a kuma ce an sake shi ba. An rubuta: likita ya soka allura a tabon, fursuna bai ji ba, an ɗauke shi.

Ta ajiye alƙalaminta. Ba ta buƙatar kowa ya fassara mata wannan.

Ta nemi takardun ƙidayar jama'a da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, na tsibirin da ake kai kutare. Yana ciki. Mai aure, 'ya'ya biyu, sana'a gyaran kwalekwale. Shekara uku ke nan da yi masa jana'iza a gida, ga shi zaune yana amsa tambayar malamin ƙidaya.

Littafin binne matattu yana hannun matan coci da suka yi jinya a tsibirin kafin a rufe shi. Wata tsohuwa a cikinsu ta buɗe mata shi a kan teburin cin abinci. Ferdinand ya ƙara shekara takwas bayan ƙidayar. An ba kabarinsa lamba, kuma lambar tana jikin gicciyen ƙarfe.

Cosmos ya tarye ta a bakin tashar jirgi. Da ya ji, ya cire hula ya share goshi.

"Kuturu? Haba, Merle. Ai gara kurkukun. Mai sumoga ko a mashaya ana alfahari da shi. Jikata za ta yi aure a Disamba, kin san bakin mutanen garin nan."

"Cutar da ƙwayoyi ke warkarwa yanzu? Ba a gadonta, Cosmos."

"Je ki gaya wa uwar ango haka. Ki ce wa Mama a kurkuku ya mutu, an zuba masa farar ƙasa, babu kabari. Shi ke nan."

"Aikena ta yi in nemo shi, kuma na samo shi."

Tanti na baranda tana ɓarar wake. Merle ta zauna a gabanta ta faɗa mata komai, a jere, kamar yadda ta saba gaya wa dangin majiyyaci. Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin kwano.

"To, uwata ta sani," in ji ta can. "Duk Kirsimeti wani matuƙin jirgi yakan kawo ƙunshi, ba suna. Ɗan jirgin katako ne, har da filafilai. Mama ba ta taɓa shi da hannu. Da sanda take ɗauka ta jefa a murhu. Ta ce mana sammu ne maƙiya ke aikowa." Ta ture kwanon. "Shekara da shekaru ina tsoron kyautar ubana."

"Mama," in ji Cosmos, "mutane za su yi surutu."

"Su yi. Uwata ta binne duwatsu don in sami miji. Na samu, na binne shi, ga ka nan ƙato da tumbi. Me kuma ya rage da za a hana ni? Nemo mini jirgi."

"Likita ya ce kada ki..."

"Likita ubansa na nan a inda ya ajiye shi."

Neman izinin shiga tsibirin ya ci makonni, Merle ta bi ofis-ofis har suka gaji da ganin fuskarta suka sa hannu. Wasu dangin sun noƙe da suka ji inda za a. Uwar angon kuwa ta zo da kanta, da tukunyarta, ta ce tana son ta gani da idonta.

Tsibirin ya koma daji. Rufin asibitin ya zube, itatuwa sun fito ta tagogi. Maza huɗu suka ɗauki Tanti a kujerar roba suka hau tudu da ita, tana yi musu faɗa kan sun karkata ta. Maƙabartar tana can sama, kurangar daji ta lulluɓe ta. Aka sa adduna. Yawancin gicciyen sun faɗi, tsatsa ta ci lambobinsu. Merle ta bi su ɗaya bayan ɗaya da burushin waya, gumi na shiga mata ido, har rana ta take.

Cosmos, wanda tun safe yake mita cewa macizai za su gama da su, shi ya yi ihu daga gindin wata bishiya.

"Baturiya! Zo ki duba wannan, idona ba ya gani sosai!"

Ta durƙusa ta goge. Ta duba takardarta, ta sake duba ƙarfen.

"Shi ne."

Aka kawo kujerar. Tanti ta ce a sauke ta ƙasa. Ta ɗora tafin hannunta tsirara a kan turɓayar, ta bar shi a wurin.

"Papa, Otti ce. Ka ba mu wahala."

Cosmos ya buɗe kwalba ya jiƙa ƙasa da giya, sannan da ruwa. Magina suka kwaɓa siminti, suka kafa dutsen ya zauna daram. Makaɗa suka ɗaure ganguna a tsakanin gwiwoyi. Da kiɗan gidansu ya tashi, Tanti ta kama hannun Merle ta miƙe, ta taka sau biyu, ta girgiza kafaɗa, jama'a suka kaure da shewa. Merle ta saci taɓa jijiyar hannunta. Tana bugawa da sauri, amma daidai.

Tuwon masara ya nuna, naman akuya ma haka. Uwar ango ta matso da ludayi a hannu.

"Tanti, kason da ake ajiye wa mamaci fa? Kwano ɗaya zan zuba?"

Tsohuwar ta dubi gicciyen da aka fito da su daga cikin ciyawa, na tsaye da na kwance, har bakin tudu.

"Zuba wa kowannensu. Da su ya zauna."