Kofin Roba da Tayar Baya ta Hagu

Na riga na ɗumama injin bas ɗina, fasinjoji sun fara hawa, sai ga manaja da takarda a hannu. Wai kwamfutar kamfani ta zaɓo sunana, yau za a yi mini gwajin giya da ƙwaya. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi, ko warin giya ba na so. Na ce su ba ni minti biyar. Manaja ya ce ba sa jira, ya ba wani direba makullin ajiya, motata ta fita ina kallonta.

Aka kai ni wani ɗan ofis bayan gareji. Wata malama ce a ciki, da farar riga da safar hannu, ga agogon bango a saman kanta. Ta ba ni wani bututu na busa, ta ce babu giya. Sai ta miƙo mini kofin roba mai jan layi.

"Baba, fitsari, ya kai nan. Kana da awa uku. In lokaci ya cika babu, dole in rubuta ka ƙi gwaji. Wanda ya ƙi kuwa daidai yake da wanda aka kama, karɓe makulli ake yi."

"'Yata, ni da nake tashi sau uku kafin gari ya waye?"

Ban taɓa ganin bayi irin wannan ba. An ɗaure kan famfo da salatif, an ɗauke sabulu, ruwan masai kuma shuɗi shar, kamar sama ce ta faɗa rami. Na leƙo na tambayi dalili. Ta ce don kada wani ya sirka da ruwa. Na koma na tsaya. Wata tururuwa tana hawa bango da fiffiken ƙwaro a ka, ta faɗo, ta sake hawa. Sau huɗu na ƙirga mata. Ni kuwa ko ɗigo.

Malama ta ba ni gorar ruwa, ta ce in zauna a benci, kada in fita ƙofa. Na sha. Na sake shiga, na sake fitowa da kofi a bushe. Ga mara ta cika tam har tana ciwo, amma kamar an sa kwaɗo an kulle.

Awa ɗaya da rabi ta wuce sai ga Sifana, makaniken garejinmu, wanda muka tsufa tare muna tsokanar juna. Ya leƙo da hannu duk baƙin mai.

"Tsoho, an ce an kama ka da ƙwaya. Ta ciwon baya ce ko ta mantuwa?"

"Tafi can, ɓarawon kusoshi. Abin ne ya ƙi zuwa."

Ya dubi kofin, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa.

"Malama, ai wannan ko kwana zai yi ba zai yi ba. Tun da na san shi, a gindin tayar baya ta hagu yake yi, inji na kunne. Tayar nan ta fi sauran sheƙi."

Na buɗe baki in ƙaryata shi, sai na tsaya. Gaskiya ce. Duk inda na yada zango a hanya ba na kashe mota, in zagaya baya, ƙugin injin na ratsa ƙafafuna. A gida ma mai ɗakina ta sha yi mini tsiya, wai ba na shiga bayi da rana sai injin niƙan maƙwabta ya tashi. Na dare kuwa, cikin magagin barci ne, ban san yadda ake yi ba. Ashe jikina ya yi wa kansa doka ban sani ba.

"To 'yata, ki raka ni gindin wata motar. Ki juya baya kawai."

"Baba, ka taka waje, ka ƙi gwaji ke nan. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Wanda ya rubuta ta ya taɓa tuƙa mota?"

Agogo ta duba.

Sifana ya kawo ɗaya daga cikin sababbin motoci ƙarƙashin tagar bayin. Waɗannan ba su da murya, sai wani siririn kuka kamar na sauro. Ba abin da ya motsa. Daga nan ya tsaya bayan ƙofa yana kwaikwayon injina da baki, har da canjin giya.

"Ka rage wuta, ba haka take yi ba!" na daka masa tsawa daga ciki.

"Kai dai ka yi abin da ya kawo ka!"

Na ji malama ta yi dariya sau ɗaya, ta haɗiye. Ni abin ya daina ba ni dariya. Na fito na zauna, gora ta huɗu a hannu, ina tunanin sabon direban nan da aka ba motata, wanda bai san kuloci ba, sai ya taka shi kamar yana kashe kunama.

Saura minti shida na ji hon ɗin motata a bakin get. Ko cikin motoci dubu na san shi, ya ɗan dishe tun bara.

"Sifana, ga ta nan! Yi sauri!"

Ya ruga. Na fizgi kofi na shige. Sai da aka sauke fasinjoji, sai da aka matsar da sabuwar motar, sannan na ji ta iso ƙarƙashin taga tana ƙugi, gilashin na rawa, shuɗin ruwan nan na karkarwa. Na lumshe ido. Sai ga shi kamar an ɓalle famfo. Ya wuce jan layi, na ƙarasa sauran a masai.

Na fito riƙe da kofi da hannu biyu. Malama tana rufe biro.

"Baba, sau biyu na ƙwanƙwasa maka. Lokaci ya wuce da minti huɗu."

"Inji ne ya hana ni ji. Ga shi nan fa, da ɗuminsa! Ki gwada, ki ga ko akwai wani abu ban da ruwanku!"

"Ba ni da ikon karɓa. Kana da kwana biyar ka kawo takardar likita cewa lalura ce. Wataƙila su duba."

"In ce wa likita me? A rubuta mini bas safe da yamma?"

Ta karɓi kofin, ta juye shi cikin shuɗin ruwa, ya koma kore. Ban san haka launi ke yi ba.

Manaja yana jira a ƙofa da tafin hannu a buɗe. Na ciro makullin daga igiyar da yake tun ranar da aka ba ni motar. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da na sa haƙori.

A waje Sifana na zaune a kujerata, ya kai hannu zai kashe inji. Gora huɗu ba wasa ba ce, marata ta sake cika.

"Bar ta tukuna," na ce masa, na zagaya baya.