Bashin Ƙafar Safiya

Ƙafa guda nike bin Ɗanjuma mai kemis, ta hagu, ta jikata Safiya. Ba kuɗi ba ne balle ya ce in jira ƙarshen wata.

Zazzaɓi ne fa kawai. Ubanta Garba, ɗana na fari, ya kai ta shagon Ɗanjuma nan Ƙofar 'Yandaka, ya ce a ba ta ƙwaya. Ɗanjuma ya ce ƙwaya wasa ce, allura ce magani. Yarinya na zillo, shi kuma waya maƙale a kunne, ya soka mata a tsakiyar ɗuwawu. Ta ce wuta ta bi ta har tafin ƙafa. Da safe ta sauko daga gado, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, sai ja.

A asibiti, ɗakin gashin ƙashi, wata Malama Maryam ta zaunar da ni. Na ce, "Ɗiyata, ban yi boko ba, faɗa mini yadda zan riƙe." Ta kifa Safiya, ta ja yatsa daga ƙugu, ta bayan cinya, har ƙasa. Ta ce nan wata babbar jijiya ta bi, ita ke ɗauko saƙo daga laka ta kai wa tsoka. Tsoka ba ta da wayo, sai an aike ta take motsi. Allura ta shiga jijiyar, saƙo ya yanke, tsokar ƙwauri na zaune tana ramewa. Ta nuna mini inda ake yin allura, can sama ta gefe.

Na ce, "Za ta warke?"

Ta ce, "Iya, jijiya na tsirowa a hankali. Wata ta isa, wata ta tsaya a hanya."

Garba ya ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah nasa, nawa kuwa ban bari ba.

Ban kai ƙara ba, ban zagi kowa ba. Gaisuwa na riƙa zuwa. Da hantsi, lokacin da mata ke kawo yara, sai in riƙo hannun Safiya, tana jan ƙafa, in zauna kan bencinsa.

"Malam Ɗanjuma, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Iya Kulu."

"Ya iyali? Ya kasuwa? Ya hannu?"

"Wane hannu, Iya?"

"Na dama mana, mai albarka. Safiya, taho ki gaida likitanki. A hankali, kar ki faɗi."

Sai in juya ga wadda ke kusa da ni da goyo. "Baiwar Allah, allura za a yi wa yaron? Madalla. Ki dai sa ido inda zai soka. Sama ake yi, ba tsakiya ba. Mu ba mu duba ba."

Wata ta tuna ta bar tukunya kan wuta, wata ta ce sai maigida ya dawo. Kafin damina ta ɗauke, ni da Safiya da ƙuda kaɗai ke zama bencin nan.

Ran nan sai ga Ɗanjuma a zaurenmu da buhun shinkafa, ya durƙusa.

"Iya, don Allah ki yafe. Kin kashe mini kasuwa."

"Ba ta mutu ba, ramewa take yi. Ni ma kullum ina ganin abin da ke ramewa a ɗakina. Ka daina yi wa 'ya'yan mutane allura, in daina zuwa."

"Haba Iya, allurar ce cinikin. Mi zan ci?"

"To ɗauki shinkafarka ka ci. Sai gobe da hantsi."

Washegari na ce wa Safiya ta sa hijabi, ta noƙe kafaɗa. Ta ce, "Kaka, ni na gaji da kallon da ake yi mini." Maganar ta soke ni. Ita ma da gaskiyarta, ba ita ta ci bashin ba. Ban sake kai ta ba. Takalminta na makaranta na ɗauka, na hagun, wanda ƙasa ta cinye bakinsa har yatsu ke leƙowa. Shi nike ajiyewa kan bencin, shi ke yi mini bayani.

Yau na je na tarar da kwaɗo a ƙofar shagon. Telan da ke gefe ya ce, "Iya, kin yi nasara, ya kwashe kayansa."

"Ya bar sana'ar?"

"Ina fa! Batagarawa ya koma, har ya kafa allo."

Safiya da safen nan na sa ta gwada ɗaga yatsu, ko ɗaya bai amsa ba. Wace nasara? Na ɗaure takalmin a bakin mayafi, na tsaida mai Napep, na ce Batagarawa, kuma ya taka, don yanzu mata ke fitowa da yara.