Cikin Rumbuna Ya Fi Wajensa Girma

Ni Maitama magini, na Dayi, ba a taɓa ce mini maƙaryaci a tsakar gidana ba sai bana. Ɗan da na haifa ne ya jefe ni da kalmar, kuma da taimakon wata na'ura da ba ta kai faifai faɗi ba. Ban yi boko ba, don haka faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a rage ko kalma ɗaya.

Rumbun da ake magana a kai ni na gina shi, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Daga bakin rafi na ɗebo ƙasar, na kwaɓa ta da ciyawa, na bar ta ta kwana tara tana tsumuwa, sannan na ɗora ginin a kan duwatsu. Dami ɗari da ashirin na dawa yake ci. Shekarar farin da mutane suka riƙa tankaɗe dusa suna tuƙawa, rumbun nan ya riƙe gidana da gidaje uku na maƙwabta har ruwa ya sauka. Daga nan zuwa Tsiga babu irinsa, a je a tambaya.

To daminar bana sai ya yi 'yar tsaga ta gabas. Tsagar da yatsa ma ba ya shiga. Zainulabidin, babban ɗana mai sayar da taki a Funtua, ya zo gida ranar Juma'a ya gan ta, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu kamar wani mai duba gari.

"Baba, rushe shi za a yi kafin kaka. In yi maka sito na bulo."

"Ka rushe uban wa?"

"Yara suna wasa a gindinsa, Baba. In ya fashe da dawa a ciki fa?"

Na ce masa dawar rumbun nan ce ta yi masa wannan ƙugun da yake riƙewa. Muna cikin haka 'yarsa Amatullahi ta sa baki. Ita ce jikata mai karatun injiniya a Zariya, ta zo hutu. Wai ita za ta iya zana rumbun a cikin kwamfuta, ta zuba masa nauyin dawa na ƙarya, a ga ko zai ɗauka.

Na ce, "Amarya, ke da ko tukunya ba ki taɓa ginawa ba?"

"Angona, tsoro kake ji?"

Tsoro! Ni da motar auduga ta kife da ni a hanyar Funtua, mutum bakwai suka mutu, na fito da ƙafata. Nan take, a gaban matata Hansai da ɗana, na ce abin da na'urar ta faɗa na yarda. In ta ce zai tsaya, kada a sake yi mini zancen bulo har in mutu. In ta ce zai faɗi, a rushe.

Washegari ta zagaye rumbun da tef ɗin awo tun daga gindi har wuya. Da ta gama sai ta jingina tsani wai za ta shiga ciki. Na sauke tsanin. Rumbun maigida, maigida kaɗai ke shiga. Hansai shekara hamsin muna tare ba ta san abin da ke cikinsa ba, balle jika. Na mayar da tsanin, na cire jinkar da kaina, na shiga, na auna ciki da kamu yadda ubana ya koya mini, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ina faɗa daga ciki tana rubutawa a waje. Tsakiyar cikinsa kamu takwas cif.

Kwana biyu tana zaune a zaure tana ƙwanƙwasa na'urar. Na leƙa ban ga rumbu ba, sai layukan rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ta ce umarni ne take rubuta wa kwamfuta. Wai ita kwamfuta ba ta san rumbu ba, ba ta san tulu ba, duk abin da yake da tumbi da lanƙwasa sai an yayyanka mata shi ƙanana-ƙanana masu kusurwa uku, dubbai, kowane yana riƙe da gefen ɗan'uwansa, har su lulluɓe abin kamar ragar kamun kifi. Inda bango ya miƙe idon ragar ya yi faɗi, inda ya lanƙwashe ko ya tsage idon ya yi ƙanana. Sai ragar ta rufe ruf ba ɓaraka, sannan a iya ɗora mata nauyi.

Na ce, "Ashe saƙa kike koya a Zariya. Da kin faɗa da na kai ki wurin masunta."

Rana ta uku ta kira mu. Zainulabidin ya taso takanas daga Funtua. Ta danna, na'urar ta yi shiru, sai ta fito da jan rubutu. Ta gyara wani abu ta sake dannawa. Jan rubutu. Sai ta buɗe hoton. Na ga wani abu kamar rumbuna, amma tumbinsa ya tsattsago ta cikin bango, ragar duk ta yamutse kamar kaza ta shiga zare.

"Kaka, ragar ta ƙi rufewa. Bangon ciki ya huda na waje."

"Ki yi mini Hausa."

"Awon da ka ba ni ya nuna cikin rumbun ya fi wajensa girma."

Zainulabidin ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa bango. "Baba ke nan! Ko kwamfuta sai da ka ƙara mata gishiri. Dami tamanin ya zama ɗari da ashirin, kamu bakwai ya zama takwas."

Hansai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wallahi da sandata tana kusa da ranar an ji mu a Malumfashi. Na ce na'urar ce maƙaryaciya, da wanda ya ƙera ta, da wanda ya saya. Na sake hawa tsani a gabansu, da tsufana, na shiga na auna ina ƙirgawa da ƙarfi yadda na bayan katanga ma zai ji. Takwas. Na fito ina haki na miƙa hannuna sama na ce ga ma'aunin nan, duk mai musu ya zo.

Amatullahi ta tsaya tana kallon hannun. Ba ta yi dariya ba, wannan zan faɗa mata.

"Kaka, ba ni hannun nan."

Ta shimfiɗa tef daga gwiwa zuwa yatsa. Ta kama na hagu ta auna shi ma. Ta dube ni.

"Na dama ya gaza na hagu da kusan yatsa huɗu. Ni kuwa na rubuta wa kwamfuta kamun kowa da kowa, santimita arba'in da shida. Naka talatin da tara ne."

Sai a lokacin na tuna. Hannun da ya karye a motar auduga ke nan, wuri biyu. Sanda maɗori ya ɗaure mini shi da karan dawa, ya haɗe a takure. Shekara arba'in da biyar ina gini da shi ba wanda ya ce uffan, don ni ke aunawa ni ke ginawa. Allah Ya jiƙan Sanda, amma ya cuce ni.

Ta goge lamba ɗaya tak a cikin rubutun nan nata, ta sa wata. Ta danna. Sai ga raga tana saƙa kanta tun daga duwatsu, tana hawa, ta zagaye tumbi, ta tsuke a wuya, ta rufe. Rumbuna ne sak, har ɗan karkacewar da yake da ita ta arewa.

Na juya ga Zainulabidin. "Maimaita abin da ka ce."

Ya durƙusa. "Ka yafe ni, Baba. Takwas ne."

"Da ƙarfi, uwarka ba ta ji ba."

Ya maimaita. Na ce to a zuba dawar, a gama wannan wasan.

Ta zuba dami sittin na ƙarya. Rumbun ya yi shuɗi, ta ce lafiya ke nan. Ta kai tamanin, gindin gabas ya fara yin rawaya. Da ta kai ɗari da ashirin, sai wuri mai faɗin tabarma ya yi ja wur, daga tsagar har kan dutse.

"In ka tsaya a rabi zai kai baɗi, Kaka. In ka cika shi, nan zai buɗe."

Hansai ta ce, "To Malam, a riƙa zuba rabin mana."

Rabi! In tsaya a gaban mutanen Dayi da rumbun da ake lallaɓawa kamar majinyaci? Kuma na riga na yi magana a gaban iyalina, yanzun nan aka gama tabbatar da cewa ba na ƙarya. Zainulabidin ya ce zai turo lebura biyu ranar Asabar. Na ce duk leburan da ya taɓa mini rumbu sai na karya masa hannu wuri biyu.

Ranar Asabar da hantsi na kori kowa daga tsakar gida, na kwashe 'yar tsohuwar dawar da ta rage, na sauke jinka, na ɗauki diga. Na tsaya ta gabas, daidai inda na'urar ta shafa ja. Na yi niyyar in sara sau goma, in kira su su ga yadda ginin Maitama yake gardama da ƙarfe.

Sara ɗaya na yi. Bangon ya burma har digar ta wuce ciki ta ja ni, na faɗi a kan gwiwa, wani ɓangare mai girman ƙofa ya zube a gefena.

Amatullahi ta fito daga zaure da gudu. "Kaka! Lafiya?"

Na ce ta koma ciki, ƙura ce. Sauran bangon kuwa, na yamma da na kudu, sai da na kai la'asar ina sara kafin ya yarda ya kwanta. A rubuta wannan ma.