Koren Alƙalamin Yaya

Ranar bikin ritayar Darakta, shi da kansa ya aika mota ta ɗauko Auta, abin da bai taɓa yi ba. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuwa shugaban sashen kuɗi ne na ma'aikatar tsaro, ko sisi ba ya fita sai ya sa hannu da koren alƙalaminsa. Tun da aka kashe mijinta Saje a bakin daga, takardar haƙƙin mamacin take kwance a teburin yayanta. Duk zuwan da ta yi amsa ɗaya ce: "Haba Auta, so kike a ce na yi son kai? Bari a gama da na bare tukuna." Su kuwa bare ina za su ƙare, tunda yaƙin bai ƙare ba?

Ga shi an ce ta tashi daga gidan bariki ƙarshen wata, ita da 'ya'yanta, ba ta da inda za ta dosa. Shi ya sa da ta ga motar, har guɗa ta kusa yi. Yau ce ranarsa ta ƙarshe, ai kunyar wa kuma zai ji? Ta saka zanenta na fita ɗaya tilo, ta ce wa yara su yi addu'a.

A zauren taro kujerar gaba aka ba ta, kusa da manyan hafsoshi, ga lemo mai sanyi. Aka yi ta zuba yabo: ya fara daga ƙaramin akawu, ya yi mai binciken kuɗi, ya kai inda ya kai, ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Sai Darakta ya karɓi lasifika yana gyara tabarau.

"Auta, miƙe a gan ki."

Ta miƙe cike da murna.

"Wannan ƙanwata ce. Mijinta ya kwanta dama yana kare ƙasa. Takardarta tana teburina shekara da shekaru, ban taɓa ta ba, don kada a ce Darakta ya fifita jininsa."

Wayyo, zo ka ji tafi! Wani janar har da share hawaye. Daga bayanta ta ji ana raɗa cewa ai labarin nan ne ya kai shi kujerar, duk hirar ƙarin girma sai ya ba da shi. Ashe ba mantawa ya yi ba, ajiyarta ya yi!

Kamar yadda aka saba yi wa mai barin kujerar, aka kawo akwatin gilashi, ya kwantar da alƙalamin ciki, aka kulle. Auta ta ce, "Yaya, sa hannun fa?" Tafi ya cinye maganar.

Da aka watse ta tare magajinsa a bakin ƙofa, wani mai fara'a, ta durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ƙarshen wata za a fitar da mu."

Ya ɗago ta da ladabi, murmushi har kunne.

"Haba Hajiya, ke da duk ma'aikatar nan ke alfahari da ke? In na sa hannu yau, gobe a ce maigida ne ya bar min sallahu. Wallahi ba ni zan ɓata masa suna ba."

Ta fito tana neman motar da ta kawo ta. Direban ya ce ɗaukowa kawai aka ce masa.