Ɓerayen Tahira

Tahira na tsinke zogale a tsakar gidansu na unguwar Zariya a Maradi sa'ad da ƙaninta Lawali ya turo babur ɗinsa ciki, idanunsa jajur. Ranar an yi zanga-zangar tazarce a Maradi, kasuwa a rufe, 'yan kabu-kabu ba su samu fasinja ba.

"Likitar ɓeraye, ina wuni?" Ya zauna kusa da ita.

Hutu ta zo daga Faransa, inda take bincike kan shaye-shaye. Kowa a gidan ya san Lawali na haɗiyar tramol, amma ba mai furtawa.

Mahaifiyarsu, Maman Lawali, ta ɗago daga murhu. "Wai me kike yi da ɓerayen nan ne, fisabilillahi?"

"Zaɓi muke ba su, Inna. In ɓera ya taka wannan ƙarfe, ya samu ƙwaya. In ya taka wancan, ƙofa ta buɗe ya ga ɗan'uwansa. Yawancinsu ƙofar suke zaɓa."

"Mutane fa?" in ji Lawali, yana wasa da makulli.

"Su ma muna gwada su, amma sakamakon ba ya fitowa sak. Mutum yana jin kunya. Yakan faɗa maka abin da kake son ji."

Lawali ya yi dariya. "Ɓeranku ba ya tuƙi daga asuba har isha'i, Yaya."

"Gaskiya ne," ta ce. "Gobe ka kai ni garin Tsibiri wurin Gwaggo. Amma ba na hawa bayan wanda ya sha."

Lawali ya tashi ya shige ɗaki.

Da safe ta same shi yana goge babur, idanunsa fari tas, goshinsa na zufa. Suka kama hanya. Ba su yi nisa ba ta ji bayansa na rawa. Ya gangara gefen wata gonar hatsi, ya sauka, ya durƙusa yana amai.

"Ƙwayar tana aljihuna," ya ce da ƙyar. "In na sha ɗaya, yanzu mu isa."

Tahira ta dubi titi, ta dube shi. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a inuwar gawo.

"Gwaggo ba ta san muna tafe ba. Zo ka kwanta."

Ya ɗora kansa a cinyarta kamar lokacin da take goyonsa. Motocin Tsibiri suna ta wucewa, ita kuwa tana yi masa fifita da gefen zane.