Laifin Magagari

Kafinta ya dangwarar da magagarin a kan kanta, ya ce wannan ma bai yi ba.

Mai shagon ƙarafan, abokinsa tun na samartaka da yake kira Dogo, bai ko ɗago kai ba. Ya tambaya ko haƙoran ne suka yi kaushi, ko kuwa tsawon ne bai masa ba kamar na makon jiya.

Kafinta ya zaro makankari daga aljihu, ɗan fallen ƙarfe kamar tafin hannu, wanda yake kankare fuskar katako da shi har ta yi sulɓi. In aka wasa bakinsa ya miƙe, katako nannaɗowa yake kamar gashi. Yanzu kuwa gari yake tashi, ga zane ko'ina. Matar da ta ba shi aikin tebur ta riga ta ce in gobe bai gama ba, za ta kwashe ta kai wa masu inji. Kafinta ya ce magagari mai haƙora layi ɗaya yake so, masu laushi, irin na da.

"Shi na ba ka ai, tsoho. Ko sai na tono maka na kakanka?"

Dogo ya ɗaure makankarin a abin matse ƙarfe da ke gefen kanta, ya ɗauki magagarin da aka dawo da shi, ya tura shi a bakin ƙarfen a hankali, ya sake turawa. Ya kwance makankarin, ya tsayar da bakin a kan gilashin kanta. Ko ƙwayar haske ba ta ratsa ta ƙarƙashi ba.

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓa don ya gani da kansa. Sai ƙarfen ya shiga buga gilashin, ƙas-ƙas-ƙas, yadda yatsunsa suke rawa. Ya yi sauri ya tura hannun aljihu.

Dogo ya juya baya yana gyara ƙusoshin da ba su buƙatar gyara. Ya ce ƙila sa'a ya ci, amma akwai wani sabo a ciki, in yana so ya gwada.

Kafinta ya tura masa magagarin.

"Bar shi," ya ce. "Rataye wannan a nan wajenka. Da safe zan kawo sauran makankaran ka wasa mini."